Ranar da Aka Auna Kifina a Faraku

Tun da na dawo kun hana ni sakat. In na shimfiɗa tabarma a kasuwar Bagudo, kafin in daidaita zama an kewaye ni: "Kulu, yaya Faraku? Da gaske matansu na tuƙa babur? Ina tsaraba?" Tsarabar me? Ni na tafi wanke sunana, ku kuna zaton biki na je. To ga shi zan faɗa sau ɗaya tak, daga fari har ƙarshe, wadda ba ta nan ta tambayi wadda ke nan. Kuma kada a katse ni, don har yanzu zuciyata ba ta sauka ba.

Kun san ni da bandar kifi. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan sana'a a tungarmu ta bakin Kwara, gaba kaɗan da Illo. Kun kuma san abin da wasu ke yi in ƙwari sun fara cin kifinsu: a dama fiya-fiya da ruwa, a tsoma tsintsiya a yayyafa, a rufe kwali a kai kasuwa, wanda ya ci shi ya sani. Ni ban taɓa yi ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa raga wa masu yi ba. Dabarata ɗaya ce, wadda na gada wurin uwata. In kifi ya sauka daga kan wuta, sai in shafe shi da man gyaɗa da ɗan tsumma, ya yi sheƙi, ƙwaro ya rasa wurin kamawa. Da wannan sheƙin na yi suna, har wata Hajiya Lamatu da ke Faraku, cikin ƙasar Benin, ta ce ba ta sayen na kowa sai nawa. Ita niƙa shi take yi ta ƙulla a leda, manyan kantunan ƙasarsu su saya.

To masu kantunan nan suka ce sai an kai garin kifin ɗakin gwaji an kawo musu takarda. Aka kai. Sai ga wayar Hajiya Lamatu: wai an sami maganin ƙwari a kifina, an ɗaure kwalayen an buga hatimi, ba saye ba sayarwa. Direban da ya kai kayan kuwa, mai baki kamar reza, ya baza labarin tun daga tasha. Kafin rana ta faɗi an raɗa mini suna a tunga: Kulu mai fiya-fiya. Matan da na yi shekaru ina yi wa gori, ranar har guɗa na ji a bayan danga.

Mutum biyu kaɗai ke taɓa kifina, ni da Tumba. Tumba ƙawata ce tun muna 'yan mata. Da mijinta ya rasu ta dawo muna aiki tare, ita ke jera kifi a kwali ta ɗaure. Duk Juma'a nakan tsiyaya mata kwalbar mai daga nawa ta yi wa jikokinta miya. Sai na tuna na taɓa ganin kwalbar fiya-fiya a bayan ƙofar ɗakinta. Shi ke nan, ban tsaya wani tunani ba. Na ishe ta a bakin gulbi, gaban mata sun fi talatin, na nuna ta da yatsa na ce ita ta kashe mini suna.

Ta ce, "Kulu, na kuɗin cizo ne. Wallahi ban taɓa kai shi kusa da kihinki ba."

Na ce ta riƙe rantsuwarta, kuma kada ƙafarta ta sake taka wurin bandata. Ta gyara ɗaurin zanenta ta tafi.

Daga nan na yi sabuwar banda ni kaɗai. Tarwaɗa zaɓaɓɓu, ba hannun da ya taɓa su sai nawa, na shafe su da mai har suna ɗaukar ido. Na ce da ƙafata zan kai su wannan ɗakin gwajin, a auna, a ba ni takarda in zo in liƙa wa masu guɗa a goshi. Yayana Manu, da ke noman shinkafa a fadamar Bahindi, ya ce ba zan tsallaka ƙasar mutane ni kaɗai ba. Shi mutum ne da ko wuta ta kama gefen rigarsa sai ya gama alwalarsa tukuna. Na ɗauki kwandon kifin, na kuma cika shuɗiyar jarkata da man gyaɗa tsarabar Hajiya. Jarkar nan Yaya Manu ya ba ni bara da kaka. Mai kauri ce, murfinta da zoben roba a ciki, ko kifa ta ka yi ɗigo ba ya fita. Duk tunga ba mai irinta, har aro ake zuwa ina hanawa.

Daga Illo zuwa Lolo, inda iyaka take, a kabu-kabu muka tafi, kowa da nasa. Hanyar nan kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Rami na ƙarewa wani na farawa, ga damina ba ta gama janyewa ba. Mai babur ɗina ya ce ya san wata kwata da ba ta da zurfi, ya faɗa ciki da ni, ruwan taɓo ya kai mini gwiwa. Na ɗaga kwando sama da ka, na bar zane ya sha abin da zai sha. Na ce masa in haka ya san kwatar nan, Allah ya kiyaye mu da wadda bai sani ba.

Amma abin da ya fi ramukan ci mini rai shi ne masu igiya. Mutum ya sami igiya da tsohuwar taya da benci, shi ke nan ya zama hukuma, ba kaki ba takarda. Na farko ya buɗe kwandona ya zari tarwaɗa mafi girma, wai ta ɗanɗano. Na biyu ma haka. Yaya Manu sai "Yi haƙuri, Kulu, hanya ce." Haƙurin me? Kifin da na kwana biyu ina shan hayaƙi a kansa! Da na uku ya miƙo hannu sai na buɗe masa kwandon da kaina.

Na ce, "Ɗauki biyu, ɗana. An ce guba ce ciki, Faraku za ni a auna. In ka ci ka wayi gari lahiya ka aiko mini, ka rage mini wahalar hanya."

Ya saki kifin kamar ya taɓa garwashi, yana goge hannu a wando. Daga nan duk igiyar da muka isa ni ke fara tayi, ba wanda ya ƙara ko leƙawa.

Ita iyakar kanta, ni ban ga komai ba sai sanda da tuta. Dawar da ke wannan gefe ita ce a wancan. Wani jami'i ya yi mini tambaya da Faransanci, na amsa masa da Dandanci don in ba shi haushi, sai ga shi ya fi ni iya Dandancin. Katin rigakafi yake nema, mai ruwan ɗorawa. Na zazzage jaka, na kwance ƙullin zane, na fara zargin masu igiya da sata, sai Yaya Manu ya cire hularsa a hankali ya zaro katunan biyu daga ciki. Tun Illo suna nan a kansa, yana kallona ina ta bambami. A Madikali, garin farko na wancan gefen, mai furar da muka tsaya wurinta da muka bi dangi sai ga shi kakarta da kakarmu 'yan ɗaki ɗaya ne. Ta cika mana kwano ta ƙi karɓar komai.

A Malanbil na fara ganin iko. Mai babur ɗin da zai kai mu tashar Faraku ya ce ba zai motsa ba sai na kifa hular kwano. Hular da kan mutum dubu ya yi gumi a ciki! Ga ni na ɗaura ɗankwalina mai kyau. Na ce a ƙasarmu ko shi mai babur ɗin ba ya sawa. Ya ce to in koma ƙasarmu in hau. Dole na murƙushe ɗaurina na kifa abin nan, Yaya Manu na bayana yana tari irin na mai ɓoye dariya.

Motar Faraku kuwa an cusa mu kamar kifi a kwali. Ga manyan motocin auduga sun tare hanya, direba na bin su a baya kamar mai rakiyar gawa. Kafin mu kai Kandi jarkar manjan wata mata ta ɓalle a but ɗin motar, ta jiƙa buhun garin wani dattijo da ƙullin kayan wata amarya, aka yi ta cacar baki da harshe uku. Ni na sauka na duba tawa, ko danshi babu a bakin murfi. Na ɗaga ta sama na ce wa mai manjan, "Ga irin jarkar da ake tafiya da ita." Har ta tambaye ni inda ake samu. Yaya Manu ya shafa gemu yana jin daɗi. A Kandin muka ci burodinsu, dogo kamar muciya, ɓawonsa na yanka dasashi. Su kuma a hammata suke saƙala shi ba ko leda, mutanen da suka dame ni da hular kwano.

Da yamma muka isa Faraku. Hajiya Lamatu, Allah ya saka mata, ba ta nuna mini fushi ba ko kaɗan, alhali ita ma kayanta ne a ɗaure. Ta sauke ni a ɗakinta, Yaya Manu a ɗakin baƙi na waje. Na miƙa mata jarkar mai, ta yi godiya, ta ce tana da wanda ta buɗe bai ƙare ba, ta ajiye tawa a lungun madafa. Ga amsar tambayarku: ƙwarai, matansu na tuƙa babur. Ita Hajiyar kanta, mai jikoki, da asuba ta ja nata ta buga ta tafi kasuwa, mayafi na kaɗawa, ba wanda ya ko waiga. Abinci kuwa sakwara safe da yamma, da wani cukun Fulani da suke rina wa baya ja su soya su jefa a miya. Ba laifi, yana da daɗi. Amma miyarsu tsululu ce, kuma kwana biyar ban ga tuwon shinkafa ba, cikina har ƙorafi yake.

Washegari muka nufi ɗakin gwajin. Yaya Manu ya tsaya gaisawa da wani Bakabe mai sayar da goro, daga gaisuwa aka shiga tarihin kakanni, ba mu isa ba sai da rana ta take. Muka tarar da ƙofa a rufe. Wai sun tafi cin abinci, sai bayan azahar. Ma'aikata guda, kowa da kowa, har mai gadi na kishingiɗe! Na zauna a kan dakali da kwandona ina ta huci har suka dawo.

Wadda aka haɗa mu da ita yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta biyu ba, farar riga har gwiwa, safar roba a hannu. Sunanta Fusena, 'yar Kandi, tana jin Dandanci tsaf. Na buɗe mata kwando na ce ta duba da idonta, ta faɗa mini ko wannan ya yi kama da kifin guba.

Ta ce, "Inna, kifinki na da kyau. Amma wannan ke kika zaɓo shi. Ba ma yanke hukunci a kan kaya da abin da mai kaya ya zaɓo."

Na ce, "Wato maƙaryaciya ce ni?"

Ta ce, "A'a. In kin je sayen buhun shinkafa, na saman kike dubawa ko kina soka hannu ƙasa?"

Ta kama ni, don ni har tsakiyar buhu nake tonawa. Aka koma shagon Hajiya Lamatu da ita da wani mai rubutu, aka karya hatimi a gabanmu, ta ɗebo daga sama, daga tsakiya, daga ƙasan kwali, wannan kwalin da wancan. Ta karɓi na kwandona ma, ta ce za a auna shi daban. Kowace leda mai rubutun ya sa mata lamba, ba suna. Wai don kada mai aunawa ya san na wane ne, ko ya so ya yi son kai ya rasa ta inda zai yi.

Na ce mata mu a wurinmu gwajin ba shi da wuya. A ajiye kifi a sarari, in ƙuda ya sauka lafiya lau ne, in ya kewaye shi akwai magani. Nawa kuwa tun daga Lolo ƙudaje ke raka ni. Ta ce ƙuda ba ya gudu sai magani ya yi yawa. Ɗan kaɗan ɗin da ko ƙuda bai ji ba, shi ne ake ci yau a ci gobe yana ɓata jiki a hankali, kuma ƙananan yara ya fi yi wa illa.

Ba a bari baƙo ya shiga ciki, amma akwai tagar gilashi, ta ce in tsaya nan in gani tunda na ƙi yarda. Ta ware fatar kifin daban, tsoka daban. Sannan ta jefa tarwaɗata, mai sheƙin nan, cikin injin niƙa. Wayyo, sai da na dafe ƙirji. Daga garin ta ɗebi abin da bai cika cokali ba ta ɗora a sikeli. Na ɗauko kwando tun daga Illo, na sha taɓo, na kifa hular kwano, a kan cokali guda! Ta zuba a wata siririyar kwalba, ta ƙara wani ruwa fari da ta ce aikinsa ya jawo magani daga jikin kifi, ta ƙara wani gishiri, ta girgiza. Ta sa a wata na'ura mai juyi kamar za ta tashi sama. Da ta fito da kwalbar, tuƙar ta kwanta ƙasa, ruwa garau a sama. Ta tace ruwan da wani farin gari don ya kama maiƙo, ta ɗura a 'yar kwalba kamar ta turare.

Babbar na'urar kuwa kamar firij take. Allura ce ke tsotsar ɗigo guda ta tura ciki. Fusena ta ce a cikinta akwai wani bututu siriri kamar zare, dogo, a nannaɗe, ana gasa shi. Duk abin da ke cikin ɗigon sai ya bi ta nan, kuma kowane magani da saurin tafiyarsa. Kamar jiragen masunta ne, in kin san su, daga lokacin da jirgi ya iso kwata kin san na wane ne. Kafin a sa nawa, sai an fara tura ruwa zalla a tabbatar na'urar ba ta riƙe dattin wani ba. Sannan a tura magungunan da aka riga aka sani, a rubuta lokacin fitowar kowanne. Na ce duk wannan sanabe ne na cin lokaci. Ta ce in dawo jibi.

Jibin na riga mai gadi zuwa. Ta zaunar da mu gaban kwamfuta, ni da Yaya Manu da Hajiya. Wani layi ne ke tafiya a kwance, can sai ya yi tsini sama kamar ƙayar kurungu. Ta ce wannan na tsofaffin kwalaye ne. Na ce ai na sani, aikin Tumba ne, a nuna mini nawa. Ta danna. A daidai wurin nan layin ya sake miƙewa, har ya fi na farko tsawo.

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce an musanya! Na ce wani ya saye su! Na ce na'urar ƙarya take, a kira mini babbansu! Hajiya na jan zanena, Yaya Manu na "Kulu, Kulu." Yarinyar nan ko gezau, ta bari sai da numfashina ya ƙare.

Ta ce, "Inna, sau biyu na auna, da ɗiba daban-daban. Kuma ki duba nan." Ta ɗora yatsa a wani wuri can baya inda layin ke kwance shar. "Nan ne fiya-fiya ke fitowa in akwai shi. Babu shi, ko a tsohon ko a sabon. Ba wanda ya yayyafa wa kifinki fiya-fiya. Wannan da muka gani maganin feshin gona ne, irin na shinkafa da auduga."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Na koma na zauna.

Ta ce, "Kuma a fata ya taru, a tsoka kaɗan ne. Wato ba daga ruwa kifin ya sha shi ba. Me ke taɓa fatar kifinki bayan ya sauka daga wuta?"

Na ce, "Ba komai sai man gyaɗa. Ni ke soya gyaɗar, ni ke matse ta."

"A me kike ajiye man?"

Kafin in buɗe baki Yaya Manu ya ce ko za ta nuna masa hoton maganin. Ta buɗe wani littafi ta juyo masa. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Kulu, wanga shi na fesa bara."

Kada ku zaci ban san daga ina jarkar ta fito ba. Na sani sarai. Da hannuna na ɓare takardar jikinta, mai rubutun da ba mai iya karantawa a gidanmu. Na wanke ta da toka, na wanke da sabulu, na zuba tafasasshen ruwa, na shanya ta kwana uku a rana har ba a jin ko ɗan wari. Na faɗa wa Fusena haka, ina ɗaga murya kamar ita ta yi mini laifi. Ta ce roba shan magani take yi, ya shige cikin jikinta inda toka ba ta kaiwa. Ruwa ba ya fito da shi, mai kuwa jawo shi yake yi. Amma ta ce ba za ta rubuta zato ba, a kawo man. Hajiya ta hau babur ta ɗauko jarkar daga lungun madafarta, Allah ya sa ba ta buɗe ba. Washegari layin man ya miƙe har ya nemi fita daga allon.

Na juya kan Yaya Manu a nan bakin ƙofa. Na ce shi ya kashe ni, shi da ya san abin da ke ciki.

Ya ce, "Ke kinka roƙe ni, Kulu. Har sau uku kina aikowa. Kuma ni ma da 'yar'uwarta nike kai ruwan sha gona."

To wa zan kama? Mai kantin da ya sayar masa bai taɓa cewa a fasa jarka in magani ya ƙare ba. Masu yin maganin sun zuba guba a jarkar da ta fi kowace jarka kyau a ƙasar nan, sun kawo wa mutanen da ko gwangwanin madara ba sa yarwa. Ina jin haushinsu har gobe. Amma hannun da ya tsoma tsumma a man nan ya shafe kifin mutane, nawa ne. Yatsan da ya nuna Tumba ma nawa ne.

An lalata kwalayen duka. Fusena ta ce in sami sabon mazubi da bai taɓa ɗaukar komai ba, in yi sabuwar banda a aiko a sake aunawa, kuma duk wanda ya daɗe yana cin man nan ya je asibiti a duba shi. Ta so ta riƙe jarkar, na roƙe ta ta bar mini, akwai inda zan kai ta. Ta juye man a wurinsu, ta zana mata jan fenti, ta miƙo mini da takardata. Na sami takardar da na je nema, ga hatimi ga sa hannu, sai dai ba goshin da zan liƙa wa.

A hanyar dawowa ban yi faɗa da kowa ba, har hular kwano na karɓa na kifa ba musu. Mai igiyar nan na uku ya gane ni, ya ce, "Hajiya, an auna?" Na ce, "An auna. Ka gode Allah da ba ka ci ba."

Ban shiga gida ba, bakin gulbi na wuce, lokacin da mata ke gyaran kifi. Na aika aka kira Tumba. Ta zo ta tsaya nesa kaɗan, ta rame. A wurin da na tozarta ta, gaban waɗanda suka ji, na faɗi komai. Na ce Tumba ba ta yi ba, ni na yi, ga takarda ga jarka. Na ɗauki gatarin faskare na sara jarkar nan, na ƙara, na ƙara, har ta rabe biyu. Kun san abin da na ji daga bayana? Wata, da kunnenta ta gama jin bayanina, ta ce, "Kash, ɓarna! Da kin ba ni in riƙa ɗebo ruwa." Wallahi da ba a riƙe hannuna ba, ban san inda gatarin zai sauka ba. Ku ma da kuke dariya, na san a cikinku akwai mai irinta a madafa, da gishiri ko mai ko kunun yara a ciki. Ku koma gida ku duba kafin ku sake tambayata labarin babur.

Da hayaniya ta lafa na matsa kusa da Tumba na durƙusa. Na ce ta yafe mini don Allah, ta dawo mu ci gaba da aikinmu. Ta dube ni, ta dubi ɓangarorin jarkar a ƙasa.

Ta ce, "Zancen suna na yahe, Kulu, tun ranar. Abu guda nike son ki gaya mini. Man da kike tsiyaya mini duk Juma'a, wanda nike yi wa jikokina miya, daga wagga jarka yake?"

Ni Kulu, da na cika baki tun daga Illo har Faraku, na sunkuyar da kai, don daga ita yake. Da ta gane amsar, ta gyara ɗaurin zanenta ta juya.

Washegari ni na ɗauki ƙaramar jikarta a baya, ita ta riƙe hannun manyan biyu, muka tafi asibitin Bagudo a duba su. Tun daga tunga har can tana gaba, ina bin ta a baya.